Injin da aka ɗaure, da man da za a fara zuba mashi

Shekara 22 ke nan ina sauke inji ina ɗaurewa a garejina da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma har yau ba na barin yaro ya zuba baƙin man farko. Ni nake zubawa da hannuna.

Maigidana da ya koya mani aiki, Allah ya jiƙan shi, da Peugeot 504 ya fara da ni. Na yi wata shida ina wankin kayan inji da kananzir kafin ya bar ni in riƙe sifana. Ranar da zan sa ringi, wato zoben ƙarfen da ke zagaye fistan, karon farko, ya kama yatsana ya goga a cikin silinda ya ce, "Yaro, ka ji kaushin nan? Kada ka raina shi." Ƙananan zane ne da ake yi da gangan. Su ke riƙe mai, kuma a kansu sabon ringi ke gogawa a hankali har ya zauna daram. In bai zauna a kwanakin farko ba, salansa za ta yi ta hayaƙi, injin ya dinga shan baƙin mai.

Shi ya sa ba na fara wa sabon ɗauri da man sintetik, a ganina santsinsa na jinkirta zaman ringi. Tsofaffin motocinmu irin su Golf 3 da J5, mai na gama-gari nake zuba masu, 20W-50, mai kyau. Kafin in tayar, na shafe metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, da mai, na cire fulogi, ina buga kii har fitilar mai ta mutu. A kilomita 500 mai mota ya dawo mu yi juye, mu canja filta. Nakan ɗebi man a faranti in kai rana, ya ga garin ƙarfe na ƙyalli da idonsa.

Abin da ke ci mani rai shi ne man jarka na bakin titi. Bara na ɗaure wa wani direba inji, aikin kwana tara. Na ce, "Malam, kada ka yi lodi, kada ka bar ta tana sulo, ka riƙa sauya gudu, ban da take totur." Ya ce to. Washegari ya cika ta da buhuna zuwa Mai'aduwa, a Daura ya ƙara man da babu ko suna a jikin jarkar. Sati uku aka jawo ta da igiya. Da na buɗe, metal ya narke, man ya yi kauri kamar kwalta. Wai kuma aikina ne bai yi ba!

Tun daga ranar, duk injin da ya fita daga hannuna, galan ɗin mai a gaban mai mota nake fasa hatiminsa, in rubuta kilomitar juye a takarda in manna a gilashi.