Sana'ar kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidajen mutane

Ni dai sana'ata a nan Miniyapolis ta jihar Minesota a Amurka ita ce kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gidajen mutane, wato wannan shimfiɗar simintin da ta taso daga titi zuwa gareji, da matakalar ƙofa, da hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gaban gida. Kamfanin ƙarami ne gaskiya, akwai a-kori-kura mai garma a gaba, akwai injinan hura dusa da shebura, sai matasa da nake ɗauka in sanyi ya shigo, yawancinsu 'yan Somaliya ne don su suka fi yawa a cikin Musulmin garin nan, kuma akwai su da juriyar tashin dare.

Aikin tun watan Oktoba muke fara shi, babu ko ɗigon dusa a ƙasa. Muna bi gida gida mu kakkafa 'yan sanduna masu ƙyalli a gefen siminti kafin ƙasa ta daskare, saboda in dusa ta lulluɓe wuri ba ka gane inda siminti ya tsaya inda ciyawa ta fara, sai garma ta tone wa mutum ciyawarsa da ya sha wahala a kanta. A lokacin ne kuma ake sa hannu a kwangila. Iri biyu ce, akwai mai biyan kuɗin hunturu gaba ɗaya ko an yi dusa ko ba a yi ba, akwai mai biya duk zuwa. A shekara garin nan kan samu inci 50 da ɗoriya, amma hunturun 2022 zuwa 2023 sai da ta kai inci 90, wanda ya biyo bayansa kuma ko inci 30 bata cika ba, toh ka ga wanda ya tara kwangilar shekara zalla ya sha wuya a na farkon, mai jiran kuɗin zuwa kuma ya zauna hannu rabbana a na biyun alhali inshora da kuɗin mota ba sa jira. Shi ya sa nake gauraya su.

Ƙa'idarmu in ta taru inci 2 muna fita. Yawanci tsakar dare ne, ido na kan hasashen yanayi tun yamma, ka ɗan rintsa ka tashi ka leƙa taga, ka kira yara. Gidajen ma'aikatan asibiti da masu fita da sassafe muke fara yi, sai na tsofaffi. Dalilin wannan sammako shine dusa sabuwar sauka ba ta da wahala, amma da zarar taya ta bi ta kanta ko mutane sun tattake ta shikenan ta danne ta manne da siminti ta koma ƙanƙara, layi biyu na sawun taya tun daga gareji har titi, kuma zai iya kai makonni yana nan in ba a samu rana ba. Kusan duk santsin da ke kada mutane a ƙofar gida daga nan yake farawa.

Inda za ka tara ta ma ilimi ne. Ba a tura ta kan titi, laifi ne. Ba a jibge ta jikin bango inda bututun hitar gida ke fitar da hayaƙi, in ya toshe iskar guba na iya komawa cikin gida mutane na barci. Kuma ba a tara ta ta sama inda in rana ta fito ruwan zai gangaro kan siminti ya sake daskarewa da daddare. Sannan ga motar gwamnati mai share titi, ka gama aikinka tas ta zo ta wuce ta jibge maka tudu a bakin hanya, mai nauyi mai tauri, kwastoma ya kira ransa a ɓace wai ba a zo ba. Ba laifin direban bane, haka garmar take watsarwa gefe, dole dai mu sake zagayowa, kuma ina faɗa wa kowa wannan tun ranar sa hannu. Hanyar masu tafiya a ƙasa kuwa dokar birni ta ba mai gida awa 24 bayan dusa ta tsaya, in bai share ba hukuma na iya sharewa ta aiko masa da bil.

Maganar da ta fi damuna a sana'ar nan ita ce gishirin da ake watsawa don ya narkar da ƙanƙara. Mutane sun ɗauka yawansa shine alamar an yi aiki, sai kaga an zazzage rabin buhu a ƙofar gida ana takawa yana ƙaras ƙaras, wasu ma kan dusar da ba a kwashe ba suke watsawa. Gishirin da aka saba da shi in sanyi ya wuce wajen digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos kusan ya daina aiki, kuma a nan cikin Janairu sau da yawa muna wuce haka nesa, toh me ka yi kenan banda asarar kuɗi. A irin wannan sanyi ko dai kalsiyam kulorayid, wani nau'in gishiri ne daban, wanda ke narkarwa har kusan digiri 30 ƙasa da sifili amma da tsada, ko kuma yashi, shi baya narkar da komai amma yana ba ƙafa da taya abin kamawa. Kuma gishirin nan baya ɓacewa fa, in dusa ta narke yana bin magudana ya shiga tafkuna da kogin Misisipi. Hukumar hana gurɓata muhalli ta jihar tana koyar da cewa ƙaramin cokali ɗaya ya isa ya ɓata galan 5 na ruwa kuma ba ya fita, sannan kofin shayi ɗaya ya wadatar da hanyar gareji mai ƙafa 20. Wallahi da na ga kifi da ruwan shan mutane ne a ciki sai na sa wa yarana doka, a kankare da shebur tukuna har a ga siminti, sannan a yayyafa kaɗan a warwatse, abin da ya saura a busasshen wuri a share a mayar bokiti. Simintin da bai shekara da zubawa ba kuwa ba ma sa masa sam, yana ɓarɓashe fuskarsa. Akwai kwastoman da na rasa saboda wannan, yace bai ga gishiri ba, na haƙura da shi.

Dusa ma ba iri ɗaya bace. Ta tsananin sanyi busasshiya ce mara nauyi, injin na hura ta nesa. Ta Maris kuwa jiƙaƙƙiya ce kamar kwaɓin laka, ita ke karya baya, ita ke toshe bakin injin, kuma ita ce likitoci ke gargaɗi a kanta don duk shekara ana samun masu bugun zuciya wajen sheburta. Dan Allah wanda ya manyanta ko mai hawan jini ya bar wa yara, in ma dole ne a tura ta, kar a ɗaga. In injin ya toshe a kashe shi a sa sanda, ko da yana a kashe ba a sa hannu, ƙarfen ciki na iya juyawa ya cire yatsu. Wannan ita ce magana ta farko da nake wa duk sabon yaro kafin ya taɓa injin.

In Afrilu ta yi sai mu bi mu cire sanduna, mu share yashin da ya taru, inda garma ta kankare ciyawa mu zuba iri a kuɗinmu, mu wanke motoci sosai daga ƙasa don gishiri na cin ƙarfe. Daga nan sai a sauke garma a ɗaura tirelar injin yankan ciyawa, yawancin gidajen da muka share wa dusa su ne dai muke yanka wa ciyawa har kaka.