Raba babba da tsoron ruwan da ya taso da shi

Yawancin masu tsoron ruwa a Zariya ba da shi aka haife su ba, dasa musu aka yi. Uwar da ke zaune kusa da kududdufi a cikin birni ba ta da katangar da za ta tsare yaro, sai ta ce masa akwai 'yan ruwa masu jan ƙafa. Ba a ga laifinta ba. Kududdufan nan ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, bakinsu gangare ne mai santsi, taku biyu sai zurfi. Wani kuwa a kogin Kubanni ko na Galma abokai suka danna masa kai da sunan wasa. Ya girma har ya yi gemu, amma ko ruwan wanka ya kwararo masa a fuska sai numfashi ya sarƙe.

Shawarar da aka fi ji a majalisa ita ce a jefa shi a ruwa, wai dole ya koya. Wannan ƙara ciwo ne. Mai firgici yana ɗaga kai sama, jikinsa ya sandare, ƙafafu su yi ƙasa, ya ɗaga hannuwa waje, nauyinsu ya ƙara danna shi ciki. Ya sha ruwa, ya fito da tabbacin cewa gaskiyarsa ce tun farko.

A gida ake farawa, da baho da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ka ja iska ta baki, ka tsoma fuska, ka riƙa fitar da ita ta hanci kana cewa "mmm" na daƙiƙa 5. Ka ɗago, ka sake ja ta baki. Sau 10 a zama ɗaya ya isa. Muddin iska tana fita ta hanci, ruwa ba shi da hanyar shiga. Inda ake kuskure shi ne ɗagowa a ja iska ta hanci, sai ɗigon da ya rage ya wuce maƙogwaro, tari ya biyo baya. In hakan ta faru, ka tuna kullum kana shaƙa ruwa a alwala, ba abin da ya same ka. Kada ka yi saurin goge fuska, bar ruwan ya gangara da kansa.

Idan baho ya daina ba ka faɗuwar gaba, sai wurin ninƙaya mai tsabta wanda ake hango ƙasansa, tare da wanda ya iya iyo sosai, yana cikin ruwan kusa da kai, ba a kan kujera yana danna waya ba. Zafin Maris da Afrilu ya fi dacewa. A hunturu sanyin ruwa kansa yana sa mutum jan numfashi ba shiri, sai ya ɗauka tsoron ne ya dawo. Ka tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu zuwa ƙirji ba. Ka yi tafiya, ka riƙe bakin wurin ninƙayar, ka durƙusa har kafaɗa, sai haɓa, sai fuska. Minti 20 zuwa 30, sau biyu ko uku a mako. Kada ka fita lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa. Koma matakin da ya fi sauƙi, ka tsaya nan har zuciya ta lafa, sannan ka fito.

Abin da masu koyarwa da yawa suke tsallakewa, kuma a ganina shi ne jigon aikin, shi ne koyon miƙewa tsaye. Mai tsoro ba zai yarda ya ɗauke ƙafa daga ƙasa ba sai ya tabbata zai iya mayar da ita. Daga kwanciyar ruf da ciki, ka jawo gwiwoyi biyu zuwa ƙirji, ka danna ruwa ƙasa da tafukan hannu, ka dire ƙafafu biyu tare, sannan ka ɗago kai. Ɗago kai ne na ƙarshe. Wanda ya fara ɗaga kai sai ƙafafunsa su yi ta lalube a baya, nan ake ruɗewa a ruwan da ko ƙirji bai kai ba. A fara yi ana riƙe da bakin wurin ninƙayar ko hannun malami, a maimaita har jiki ya haddace.

Bayan nan sai rigingine. Kunnuwa a cikin ruwa, ido a sama, cibiya a ɗage, huhu cike da iska, domin iskar ce ke riƙe ka. Malami ya tallafi ƙeya da tsakanin kafaɗu, kuma kada ya janye hannu bai faɗa ba, sau ɗaya ya yaudare ka an koma farko. Siriri mai tsoka ƙafafunsa kan nutse kaɗan, ba matsala ba ce, ya miƙa hannuwa saman kai ya ɗan motsa ƙafa.

Mata su nemi mace mai koyarwa da lokacin da ba maza. Zane da dogon hijabi suna sha ruwa su naɗe ƙafa. Dogon wando da riga mai dogon hannu na yadi mara nauyi, da hular da ta kama kai, sun fi aminci. Kada kowa ya yi ta jan numfashi da sauri-sauri don ya daɗe a ƙasan ruwa, ana suma a haka ba alama.

Tsoron Galma a watan Agusta kam a bar shi yadda yake. Ruwa mai gudu da laka, wanda ba a ganin ƙasansa, yana cin gwanaye ma, haka madatsar Kubanni da ke Samaru ba wurin koyo ba ce. Ruwan da ke kwance kuma akwai tsargiya, ta fata ƙwayar cutar ke shiga. Idan ka ga ruwa zai ci wani, sau da yawa ba ya iya ko ihu, kai ma kada ka faɗa, zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Kwanta a bakin gaɓa ka miƙa masa gora, ko ka jefa masa jarka mai lita 20 ko 25 wadda ba komai a ciki, murfinta a ɗaure tam, da igiya a hannunta in da hali, ka kuma ƙwala kiran mutane.