Yadda muke yin gajeren fim na barkwanci da ɗan abin da ke hannu

Kamfaninmu shago ɗaya ne a Kano, ba nisa da Zoo Road inda 'yan fim suka fi taruwa. Mu uku ne: ni, da mai ɗaukar hoto, da edita wanda shi ne kuma mai kula da sauti. Abin da ke ciyar da mu ɗaukar biki ne da tallan shaguna. Gajerun finafinan barkwanci kuwa da rarar da ta saura muke yin su, mu ɗora a YouTube.

Wanda muka gama kwanan nan labarin wani yaro ne ɗan shekara 16 a wani ƙaramin gari, mai kunya, wanda baki ke sarƙe masa a gaban manya. Yana taya kawunsa mai shayi aiki. Ran nan kawun ya miƙa masa littafin bashi ya ce ya zaga ya karɓo. Labarin ke nan gaba ɗaya, minti 12. Na zaɓe shi don ba ya neman mota ko gidan bene. Teburin mai shayi, zaure biyu da lungu sun wadatar, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san nauyin tambayar dattijo kuɗi.

Akwai fitowar da na fi so. Yaron ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma, littafin a ɓoye cikin riga.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya kawun naka?"

"Yana gaishe ku."

"Madalla. Da magana ne?"

Yaron ya dubi ƙasa, ya taɓa littafin, ya saki. "A'a Baba, dama gaisuwa ce."

"To Allah ya yi albarka. In ka koma ka ce a haɗo mini kauri, a rubuta."

Dariyar tana cikin shirun da ke tsakanin tambayar dattijon da amsar yaron. Edita ya so ya datse shi don kada mai kallo ya ƙosa ya wuce, na ce a bar shi yadda yake. Idan aka gajarta, yaron ya zama wawa kawai. Idan aka bar shi, mai kallo zai ga yana kokawa da kansa, zai yi dariya kuma zai tausaya masa.

Nan ne na sha bamban da yawancin camamar da ake yi yanzu. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya iya sa mutum dariya da kallo kawai, kafin ya buɗe baki. Da yawa cikin masu kwaikwayonsa ihun suka ɗauka da shigar banza, suka mayar da mutumin ƙauye abin tsokana. Ni ɗan ƙaramin gari ne, ba zan sa kuɗina a fim ɗin da zai wulaƙanta mutanen da suka raine ni ba. Yaron namu yana da hankali, tarbiyya ce ta ɗaure masa harshe.

Ba mu ɗauki sanannen jarumi ba, sallamarsa kaɗai za ta cinye kuɗin fim ɗin. Ɗalibin sakandare muka samu a garin da muka ɗauki fim ɗin, muka je har gida muka nemi izinin mahaifinsa, muka jira hutun makaranta. Mun kuma gaida mai unguwa kafin mu kafa kyamara, shi ya sa aka ba mu zauren kyauta.

Wanda bai shiga sana'ar nan ba yana zaton kyamara ce matsala. Sauti ne. Mutane za su yafe hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ba su ji magana ba sun tafi, balle fim irin wannan da jarumin ke magana ƙasa-ƙasa. Ga injin niƙa, ga babura, ga akuya, ga yara sun yi dafifi suna ƙyalƙyala dariya daidai lokacin da ake son shiru. Ƙaramin makirfo muka maƙala masa cikin riga, muka roƙi mai injin ya riƙa tsagaita mana, muka ba shi na goro. Fitila kuwa ba mu ɗauko ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kunna janareto yini guda ya zama babban kashi, don haka da hantsi muke ɗauka da kuma bayan La'asar, lokacin da rana ta yi laushi.

Bayan editin sai tacewa. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, kuma ni ina sa kuɗinta da lokacinta a lissafi tun farko.

Maganar riba sai haƙuri. Kasuwar faifai da ta raya masana'antar a da ta mutu. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma ba a turo maka komai sai ya kai dala 100. Gajeren fim yana daɗewa kafin ya tara waɗannan awoyin. Abin da ya fi saurin dawo mana da uwar kuɗi shi ne ɗan tallan shago a farkon fim, da kuma masu biki da suka ga aikin suka kira mu.

Yanzu muna rubuta kashi na biyu, inda za a aiki yaron kai saƙo gidan surukan yayansa. Mahaifin ɗalibin ya amince, da sharaɗin sai ya gama jarrabawa.