Sababbin Waƙoƙi a Gidan Rediyon Ɗalibai

A gidan rediyon ɗalibai ne sabuwar waƙa take fara samun shiga, tun kafin manyan tashoshi su san da zamanta. Tun shekarar 2015 kamfanonin waƙa a ƙasashe da dama suka tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sababbin waƙoƙi, shi ya sa shirin daren Juma'a yakan cika maƙil.

Sai dai ni na fi son shirin da aka keɓe wa salo guda, musamman rege, inda ɗalibin da ke gabatarwa, ko da muryarsa na ɗan rawa, yakan rage sautin kiɗa ya bayyana yadda salon ya taso a Jamaika a ƙarshen shekarun 1960, sannan ya sako sabuwar waƙa bayan tsohuwa domin a ji bambancin bugun ganga.