Wayar wuta ɗaya a mashin ce ta ci mini kuɗin batir da caja

Mashin ɗina tsohon roba-roba ne, na hannu na saye shi, kuma shi ke kai ni aiki daga Tudun Wada zuwa Samaru. Inji lafiya lau, ba ya hayaƙi, ba ya shan mai. Wuta ce kawai ta hana ni sakat, kuma har yanzu in na tuna kuɗin da aka sa na zuba a kanta sai raina ya sosu.

Abin ya fara ne da damina ta yi nisa, wajen watan Agusta. In danna sitata da safe, sai in ji ƙas-ƙas, shi ke nan. Sai na koma kik. Irin waɗannan mashinan wutar filoginsu daga kwayil ɗin maganeto da ke gefen inji take zuwa ta bi ta CDI, wato ɗan akwatin da ke sakar wa filogi wuta, ba ruwanta da batir, don haka bugu ɗaya yake tashi, shi ya sa mutum zai iya daɗewa yana lallaɓawa. Amma oda ta shaƙe, sigina ta daina ƙiftawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali fitilar gaba ce: in na murza totur sai ta yi wani irin haske fari fat, ba a jima ba gulob ya ƙone. Ta taɓa ɗauke mini da daddare a Kwangila, tirela a gabana tirela a bayana. Da addu'a na fita daga wurin.

Makaniken da na kai wa ko murfin gefe bai gama buɗewa ba ya ce, "Alhaji, batir ne ya gaji." Na sayi sabo. Mashin ya miƙe na ɗan lokaci, wanda ba abin mamaki ba ne tunda sabon batir da cajinsa yake zuwa. Da ya zuƙe cajin, muka koma gidan jiya. Na koma wurinsa, ya ce to caja ce, wato raktifaya, wadda ke daidaita wutar kwayil kafin ta shiga batir. Na shiga Sabon Gari na sayo, aka ɗaura. Babu abin da ya canza, har wani gulob ɗin ya sake ƙonewa. Sai ya ce saura kwayil, sai an buɗe gefen inji.

Duk wannan hukunci da ake yankewa, ba a taɓa ɗora mitar auna wuta a jikin mashin ɗin ba. Gwajinsa biyu ne. Ya goga bakin waya a jikin ƙarfe ya ga ko za ta yi tartsatsi, ko kuma ya zare kan batir inji na aiki, ya ce in bai mutu ba to yana caji. Wannan na biyun shi ya fi ba ni haushi daga baya, domin mashin da wutar filoginsa ba ta bi ta batir ba, ko ka cire batirin gaba ɗaya ba zai mutu ba. Gwajin bai nuna komai ba, kuma yana iya ƙona caja mai lafiya.

Ƙanena da ke aikin haɗa sola shi ya tsayar da ni. Ya ce, "Yaya, kar ka bari a buɗe injin nan. Bari in zo da mita mu auna tukuna." Ranar Asabar muka shimfiɗa buhu a zaure, muka kwance robobin gefe da na gaba.

Batir mai bolt 12 in ya cika, inji a kashe, yakan nuna kamar 12.6. Nawa 12.1 ya nuna, wato ya yi ƙasa sosai. Muka tayar da inji na ɗan ba shi wuta. In caji na shiga, ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Ko motsi ba ta yi ba. In kuwa ta haura 15, to caja ta daina riƙe wuta, batir zai dinga zafi ruwansa na ƙonewa. Namu dai ba caji ne kwata-kwata.

Sai muka zare soket ɗin caja. Wayoyi huɗu ne a jikinsa: fara da ke kawo wutar caji daga kwayil, rawaya ta fitila, ja mai tafiya batir, da koriya wadda ita ce at, mai komawa jikin ƙarfen mashin. Ya juya mita zuwa AC, irin wutar da kwayil ke fitarwa, ya ɗora tsinke ɗaya a farar waya ɗaya a jikin inji. Ina murza totur lamba na hawa, ina saki tana sauka. Ya ɗago ya ce, "Kwayil ɗinka ƙalau yake, Yaya." Kwayil ɗin da ake shirin sa ni in saya ke nan.

Daga nan ya ɗauko wata guntuwar waya mai kauri, ya maƙala bakinta ɗaya a kan batir na baƙar waya, ɗayan bakin ya danna a jikin noti na inji. Mun mayar da soket, inji na aiki, idona na kan mita. Nan take ta tashi daga 12.1 ta wuce 13. Ya ɗage wayar, ta faɗo. Ya sake dannawa, ta hau. Na danna oda ta yi ƙara har yaran gida suka leƙo. Wallahi a lokacin farin ciki da takaici tare suka zo mini.

Muka bi wayar at har inda aka ɗaure ta. A can ƙasan sit, kusa da caja, akwai noti ɗaya da ya haɗe wayar batir da korayen wayoyin, ya manna su a jikin firam. Daga waje ba ka ganin komai, a ɗaure yake tam. Da na kwance shi sai ga tsatsa ja a ƙarƙashi ta yi ɓawo, bakin wayar kuma ya yi wani kore-kore yana marmashewa kamar garin kuka. Na fere robar, na tarar tagullar ciki ta yi baƙi har kusan tsawon yatsa, silin da suka rage a haɗe ba su da yawa. Ruwan damina da na wurin wanki sun daɗe suna kwanciya a wurin.

Wuta sai ta je ta dawo take aiki. Cajin da kwayil ke bayarwa yana bi ta caja ya shiga batir, ya fita ta wannan waya ya koma jikin inji. In hanyar dawowar ta toshe, ko batir nawa ka saya ba zai cika ba. Ita ma caja ta koriyar wayar take zubar da rarar wuta, to da ta rasa inda za ta zubar, sai duk ta tafi kan gulob. Ciwo ɗaya ne ya fito ta wurare da yawa, aka yi ta sayar mini da maganin kowanne daban.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Na yanke ruɓaɓɓen wurin har sai da na ga tagulla mai sheƙi, muka sa sabon baki muka yi masa dalma, na goge firam da samfefa har farin ƙarfe ya fito, na ɗaure, na shafe da giris. Mita ta zauna a 14.2. Don in huce, na ce a mayar da tsohuwar cajar da aka ce ta mutu. Ita ce a jikin mashin ɗin har yau, sabuwar tana cikin durowa.

Abin da ban samu na ceto ba shi ne batir. Tsohon an riga an karɓe shi a matsayin gwangwani, kuma ina da yaƙinin lafiyarsa ƙalau. Sabon kuwa ya sha zuƙewa har ƙasa a makonnin da ba ya samun caji, kuma irin wannan batir ba ya son haka, ƙarfinsa ba ya dawowa daidai. In mashin ya yi kwanaki a ajiye, sitata na ja da nauyi. Duk sanda na ji wannan nauyin sai na tuna da mutumin nan da bai ko gama buɗe murfi ba.

A wannan kwancewar muka ga an cire fiyus an murɗa waya a madadinsa, aikin wani ne tun kafin mashin ya zo hannuna. Da jar waya ta goge ta taɓa firam, babu abin da zai yanke wutar, sai dai wayoyin su kama. Mun sa fiyus daidai da lambar da ke jikin gidansa. Akwai kuma wurare a cikin kan fitila da aka murɗa wayoyi aka naɗe da salatif, duk ya saki yana danƙo. Su ma dalma zan yi musu ɗaya bayan ɗaya kafin ruwa ya sake sauka, na riga na sayi tawa mitar a Sabon Gari, kuɗinta bai kai na batir ba.