Motar da ke kuka da asuba a Aboabo

Shekarata biyu a Kumasi kafin in sayi mota. Na taso daga Kano ta ƙasa, Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akra, sannan muka miƙe arewa kusan kilomita 250. Abin da na zo da shi dila biyu ne na shadda da huluna da turare, sai lambar wayar wani dattijo a Aboabo wanda kakansa ya zo fataucin goro bai koma ba. Shi ne maigidana har gobe. Ya ba ni ɗaki, ya sama mini rumfa a Alabar, ya kai ni na gaida manyan unguwa ɗaya bayan ɗaya. A Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a Gana, haka abin yake tun zamanin fatake: baƙo yana da maigida, kuma ba ya ƙulla wani babban ciniki ba da saninsa ba.

Ni kuwa da kasuwa ta ɗan buɗe, na gaji da cacar baki da yaran torotoro, ƙananan bas ɗin haya na Gana, a kan kuɗin kaya, sai na ga ai na waye. Ban ce wa Alhaji, maigidan nawa, komai ba na hau mota zuwa Akra. Abin da muke kira 'yar Kwatano a Kano, a nan hom-yus suke cewa, kuma ta tashar jiragen ruwa ta Tema take shigowa. Na samu wata 'yar ƙarama, shekararta uku da ƙerawa, ta yi tafiyar kilomita 38,000, daga Kanada. Kujerunta ko tabo babu. Na zagaya ta sau biyu, na buɗe gaba na leƙa injin kamar na san abin da nake dubawa, na biya. Ƙarƙashinta ne kaɗai ban duba ba.

Da na iso gida Alhaji ya fito, ya dafa ta, ya yi addu'a, ya ce Allah ya sa alheri. Bai ƙara ko kalma ba. Sai daga baya na gane shirun nan magana ce.

Wata biyar lafiya lau. Sai Disamba ta shigo da hunturu. Hunturun Kumasi dai abin dariya ne ga Bakano. Ma'aunin zafi yana wajen 20 za ka ga mutum ya sha rigar sanyi har da hular kunne, alhali mu a gida sai an hura wuta a bakin masallaci ake cewa sanyi ya zo. Na yi ta yi musu tsiya a majalisa. Ashe motata tana bayansu.

In na tayar da ita bayan sallar asuba, da na fita daga lungu sai ta fara: ƙiƙ, ƙiƙ, kamar tsohon gadon ƙarfe. In na hau tudun rage gudu da ke gaban masallaci sai in ji ƙwas daga gaba ta dama. Kafin in wuce Manhyia ta yi tsit. Da rana kuwa ko ka yi rawa a kanta ba za ta ce uffan ba. Wannan ya sa duk wanda na kai wa da azahar sai ya zagaya da ita ya dawo yana kallona kamar mai ƙirƙirar ciwo.

Wani makanike a bakin titi ya ce shokozoba ce. Na tambayi kuɗi, ya ce miliyan huɗu. Saura kaɗan in zauna a ƙasa. Yaronsa ne ya fahimtar da ni cewa da tsohon kuɗi yake lissafi. Tun 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga sidi, amma bakin mutane bai cire ba, miliyan ɗaya sidi 100 ke nan. Ya sa mini tsohuwar shokozoba guda ɗaya a dama, ya lafta baƙin giris a duk robar da hannunsa ya kai. Kwana shida ta yi shiru, a na bakwai ta dawo da kukanta, har da ƙari.

Uwargida ta ce maƙwabta sun daina duba agogo, da motata suke sanin gari ya waye. Ran nan bayan isha'i Alhaji ya kira ni. Hausar Zango ba ta raba mace da namiji, sai da kunnena ya daɗe kafin ya saba.

"Ɗana, motar nan naka yana kuka kullum, ba ka ji?"

Na ce, "Baba, ina ji. Na kai gyara, abin ya ƙi."

"Wa ya kai ka?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce gobe da yamma in ɗauke shi mu je Magazin.

Wanda bai taɓa shiga Suame Magazin ba zai yi wuya ya gane. Ba gareji ba ne, gari ne guda na makanikai da masu walda da masu kayan gyara, lungu cikin lungu, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, ƙarar guduma ba ta yankewa. In ka shiga kai kaɗai, kafin ka kashe mota mutum biyar sun kewaye ka, kowa ya san ciwonta. Alhaji bai kula kowa ba, yana nuna mini hanya da sandarsa har muka isa wata rumfar kwano. Mai wurin Ba'ashante ne, aikin ƙafar mota kawai yake yi, kowa Masta yake ce masa. Suka gaisa da Alhaji da Tuwi, yaren Ashanti, kamar 'yan uwa. Da ya ji bayani sai ya ce a bar motar ta kwana, mu dawo ƙarfe shida na safe. Ciwon safe, in ji shi, da safe ake duba shi.

Washegari da sanyin safiya ya danna gaban motar da hannu biyu, ta ce ƙiƙ. Ya sa yaronsa, wani ɗan Zango daga Asawase da ke yi mana tafinta, ya shiga ƙarƙashi da gorar ruwan sabulu. Yaron ya zuba a kan wasu robobi biyu da ke riƙe da sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana. Masta ya sake dannawa. Shiru. Ya dube ni ya yi dariya.

Da aka ɗaga ta a jak aka cire taya, ya kira ni in gani da idona. Robobin sun tsattsage kamar diddigen manomi a rani, girisin da aka shafa kuma ya sa sun kumbura sun yi laushi a gefe, don man fetur da danginsa suna cin roba. Ya kama wani siririn ƙarfe mai ƙwallo a kowane kai, wanda ke haɗa sandar da shokozoba, ya girgiza: ƙwas, ƙwas. Robar da ke rufe ƙwallon ta yage, ƙura ta shiga ta cinye shi. Shokozobar hagu kuma ta jiƙe da mai, jar ƙasa ta manne mata.

Sai ya ƙanƙare wata kusurwa da sukundireba, tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Ya ce wannan ba aikin Gana ba ne. A Kanada sanyi kan sauka ƙasa da sifili da digiri 20, ana watsa gishiri a titi don ƙanƙara ta narke, ruwan gishirin nan yana fallatsa a ƙarƙashin mota wata da watanni. Ruwa ya shiga tsagar kwalta ya daskare ya fasa ta, ramuka su buɗe. Roba a irin wannan sanyi taurarewa take yi, man cikin shokozoba ya yi kauri, duk ramin da aka faɗa sai ya daki ƙarfe kai tsaye. Hunturu uku ta yi a can. Namu ɗan sanyin da busasshiyar iska ba su lalata komai ba, tona asiri kawai suka yi: robar da ta riga ta gaji tana ƙara tauri da asuba, in ta motsa ta ɗumama sai ta yi shiru.

Na fara zagin wanda ya sayar mini. Masta ya ɗaga hannu. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata takarda a jikin ginshiƙi da ban taɓa karantawa ba. Iskar taya 33 aka rubuta, ya gwada tawa ya samu 45, aikin mai faci. Nauyin da aka yarda ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, bai kai kilo 400 ba. Ya tambayi me nake ɗauka. Kafin in buɗe baki Alhaji ya ce, "Dila uku, da shi, da yaron shago." Ashe duk safiya yana ƙirgawa daga kan tabarmarsa.

A ganina mai sayarwar bai yi mini ƙarya ba a kan 38,000. Lambar nisan tafiya take faɗa, ba ta faɗin irin hanyar da aka bi. Sauran kuma ni na ƙarasa da hannuna.

Aka canza shokozoba biyun gaba tare, don Masta ya ce sabuwa da tsohuwa ba sa tafiya daidai, aka sa sababbin robobi da ƙarafan nan biyu. Na lura bai ɗaure kusoshin robobin ƙafa tamau ba sai da aka sauke motar ta tsaya da nauyinta, ya ce in an ɗaure tana rataye robar a murɗe za ta zauna, ba za ta yi shekara ba. Wajen kuɗi ni ban sa baki ba. Su biyu suka yi ta ja da Tuwi, ana ambaton miliyoyi, ina lissafi a zuci ina cire sifili. A hanyar dawowa na tsaya na saya wa Alhaji goro. Ya karɓa, ya ɓare ɗaya, ya ce in rage gudu ga tudu nan a gaba.

Yanzu aboboya ke kai mini diloli Alabar, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwala a baya, ni in bi shi a hankali da turare a kujerar baya. A hunturun da ya wuce ta ɗan yi ƙiƙ sau biyu a gaban masallaci. Na kira Masta, ya tambaya ko tana kai Manhyia da kukan. Na ce a'a. Ya ce to in bar shi ya sha kokonsa.