Abin da ɗakin gaggawa ya koya mini game da matan da ake amsa tambaya a madadinsu

A shekaruna na farko a aikin jinya, in mace ta zo da kumburarren ido ta ce ƙofa ce ta buge ta, sai in rubuta haka a kati, in wanke ciwon, in sallame ta. Mijin na tsaye a gefen gado, shi ke amsa duk abin da na tambaya, ita kuwa kanta a sunkuye. Sai da wata mai ciki wata bakwai ta zo mana sau uku a cikin wata biyu, kullum wai santsin banɗaki ne ya kwashe ta, sannan wata dattijuwar ungozoma ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, banɗaki ba ya barin shatin yatsu a wuya." Ranar ban iya cin abinci ba.

Daga nan na koyi keɓewa da mace kafin in tambaye ta komai. "Alhaji, awon mata ne, a ɗan ba mu wuri." Ko in aike shi yankar kati. Har uwar miji da ta rako ta sai ta jira a waje. Sai in zauna, ba a tsaye ba, in ce, "Yaya, lafiya kuke zaune a gida? Akwai wanda kike jin tsoronsa?" Da yawa ba sa faɗa a zuwan farko, kuma ba na matsa musu.

Kalmar da ta fi ba ni wahalar bari ita ce "yi haƙuri". Mu da ita muke jaje, amma matar da ake duka ta ji ta daga bakin iyayenta da ƙannen babanta da mai unguwa, kuma duk lokacin ma'anarta ɗaya ce: koma ɗakinki ki yi shiru. In ta sake jin ta a asibiti, ta san nan ma ba mafita. Yanzu cewa nake, "Sannu. Na yarda da ke, kuma ba ki cancanci wannan ba." Ba na ce mata ta fita daga gidan, don ita ta fi ni sanin haɗarin da ke ciki. Ina dai tambayarta inda za ta nufa da yaranta in abin ya ɓaci cikin dare. In kuwa an taɓa shaƙe ta, ko muryarta ta dishe, ko haɗiya na mata wuya, ina gaya mata a fili cewa ranta na cikin haɗari.

Fyaɗe kuma tsere ne da lokaci. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki ba ya wuce kwana 5. Waɗannan kwanakin su ne dangi ke cinyewa wajen zaman sulhu da neman rufin asiri, sai a kawo yarinya bayan mako guda, an yi mata wanka, an wanke kayanta. Mu ma muna da namu laifin, don mun sha korar mutane su je su kawo takardar 'yan sanda, alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ƙin kula da wanda ke buƙatar taimakon gaggawa.

Sau da yawa abin da uba ke so shi ne a duba "ko an ɓata ta". Ina fahimtar zafin da ke ransa, amma babu awon da ke tabbatar da budurci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a daina shi tun 2018. Rashin ciwo a jiki ma ba ya nufin ba a yi ba. Aikina shi ne in rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, da abin da idona ya gani, hukunci na kotu ne. Yara maza ma ana kawo su, kuma dokar hana cin zarafi ta 2015 ta amince cewa namiji ma ana yi masa fyaɗe.

Akwai cibiyoyi na musamman na kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato, sai dai yarinyar ƙauye asibitin da ya fi kusa za a fara kai ta. A namu, maganin kariyar a ɗakin masu ƙanjamau yake kulle, ɗakin kuma daga Juma'a sai Litinin. Wata uku muka yi muna bin ofis kafin aka ba mu na kwanakin farko mu ajiye a ɗakin gaggawa. Makullin yanzu yana hannun duk wadda ke aikin dare.